Maƙwabta a Motar Kwana-kwana: Tarihin 'Yan Sa-kan Kashe Gobarar Daji a Ostireliya

A watannin Disamba da Janairu da Fabrairu, lokacin da hunturu ke sa mu neman bargo, kudu maso gabashin Ostireliya tana cikin tsananin zafi. Ciyawa ta bushe ƙarmas, iska mai huci tana kaɗowa daga hamadar tsakiyar ƙasar, ƙwayar ashana ɗaya ta isa ta cinye gunduma. Idan wuta ta tashi a karkara aka buga lambar gaggawa, wato 000, motar da za ta zo tana da jiniya da tanki da mesa kamar kowace motar kwana-kwana. Amma waɗanda za su diro daga cikinta mutanen garin ne: manomin alkama, bakanike, malamar firamare, da wani dattijo da ya yi ritaya. Babu mai karɓar albashi a cikinsu. Kira ne ya shigo wayarsu, kowa ya ajiye abin da yake yi ya ruga rumfar kwano da ake ajiye motar.

Jihar New South Wales kaɗai tana da irin waɗannan 'yan sa-kai kimanin 70,000 a ƙungiyoyi wajen 2,000, kuma su ke kula da kusan kashi 95 cikin ɗari na faɗin jihar. Ana ɗaukar hukumarsu a matsayin rundunar kashe gobara ta sa-kai mafi girma a duniya. Maƙwabciyarta Biktoriya tana da wajen 50,000 a ƙungiyoyi kamar 1,200. Duk sanda gobarar dajin ƙasar ta shiga labaran duniya, jarumtarsu ake yabo, kuma sun cancanci yabon. Sai dai da na bi tarihinsu, wani abu daban ne ya tsaya mini a rai. Jarumta suna da ita tun ranar farko, kuma ba ta hana wuta cin su ba. Abin da suka shafe shekara ɗari suna ginawa shi ne tsari: wa ke ba da umarni, wa ke lura da iska, ruwa nawa za a rage a tanki, yaushe za a ja da baya. Kusan kowace ƙa'ida daga ciki, sai da aka binne mutane kafin a rubuta ta.

Ƙasar ita kanta mai son wuta ce. Bishiyar turare, wadda aka shuka mana a gefen hanyoyi da gandun daji don tare hamada, asalinta daga can ne, kuma a can ita ce dajin. Duk wanda ya taɓa murza ganyenta ya shinshina ya san akwai mai a ciki, man nan kuwa shi ke sa ta kama nan take. Ɓawon wasu nau'o'inta yana saɓulewa dogaye-dogaye ya rataya a rassa; idan ya kama, iska ta ɗauke shi yana ci ta jefa shi kilomitoci gaba, sabuwar wuta ta tashi a bayan masu kashe ta farko. 'Yan asalin ƙasar, waɗanda suka zauna a cikinta dubban shekaru kafin zuwan Turawa, sun san halinta. Sukan ƙona daji kaɗan-kaɗan a lokacin sanyi, nan da can, don kada busasshen ganye da ƙirare su taru. Da Turawan Ingila suka sauka a 1788 suka shiga korar su daga ƙasarsu, wannan ƙuna ta tsaya a wurare da yawa, daidai lokacin da ake cika karkara da abubuwan da ba sa iya gudu: gidajen katako, shinge, tarin ciyawar dabbobi, tumaki a killace. Ranar 6 ga Fabrairu 1851 wuta ta ci kusan rubu'in ƙasar da ake kira Biktoriya a yau, ta kashe mutum 12 da tumaki wajen miliyan ɗaya.

Shekaru da dama bayan wannan, kowa tasa ta fisshe shi. Wanda ya hango hayaƙi sai ya ɗaura wa doki sirdi ya bi gonaki yana shela, maza su fito da abin da hannunsu ya kai gare shi: ɗanyen reshe, jiƙaƙƙen buhun algarara, ko sanda da aka ɗaure wa faffaɗar fata a baki. Aikin yana da dabararsa. Ba a tarar kan wuta, inda iska ke tura ta. Can ko kusa ba a iya zuwa. Ta baya ake biyo ta, a tsaya a kan ƙasar da ta riga ta ƙone, a bi gefenta ana duka, kowane bugu yana mayar da harshen wutar cikin toka. Na gaba ya kwantar da harshen, na bayansa ya kashe abin da ya rage, na ƙarshe ya duba kututture da kashin shanu, domin busasshen kashin shanu yakan riƙe garwashi ya sake tayar da wuta bayan kowa ya koma gida. Ruwa kuwa a amalanken ƙarfe doki ke jawo shi, irin wanda maƙerar Furphy ta garin Shepparton ta yi suna da shi, mai cin lita kusan 800. Na jiƙa buhuna ne da na sha, bai isa a watsa wa wuta ba.

Masu tayar da wutar kuma suna da yawa. Jirgin ƙasa mai aiki da kwal yana tafe yana feso tartsatsi a kan ciyawa. Manoma suna ƙona karan alkama da share sabon daji. Har da gubar zomaye: zomayen da aka shigo da su daga Ingila sun hayayyafa sun zama annoba, aka riƙa zuba musu guba mai sinadarin fosfaras a daji, sinadarin kuwa idan ya bushe a rana yakan kama da kansa.

Berrigan ƙaramin gari ne na manoman alkama da masu kiwon tumaki a kudancin New South Wales, ba nisa da kogin Murray. Ko a yau mutanensa ba su kai dubu biyu ba. A 1896 ƙasar tana farkon wani dogon fari da bai sake ta ba sai 1903, watan Janairun shekarar ya zo da zafin da ya kashe mutum fiye da 400, gobara kuma ta yi ɓarna a jihar da ƙetaren kogi. Sai mutanen Berrigan suka haɗa kai suka zama ƙungiya, kuma ita hukumar jihar ke ƙirgawa a matsayin ƙungiyar kashe gobarar daji ta farko. A watan Nuwamba 1900 suka zauna a wani otal suka tabbatar da ita a rubuce.

Abin da suka yi bai fi ƙarfin kowane ƙauye ba. Gayya ce irin wadda muka sani, sai dai gayyar da ba ta watsewa idan an gama aikin yini: an san shugabanta, an san 'ya'yanta, an san inda kayan aiki suke, kuma an yi shirin tun ana zaune lafiya. Buƙata ce ta haɗa su kafin kirki. Wutar da ta tashi a gonar maƙwabci, kafin rabin sa'a tana taka. An ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mutanen Berrigan sun gano cewa hanyar da ta fi tsare nasu gemun ita ce su ruga su kashe na ɗan'uwan. Ina ganin wannan ne ya sa abin ya ɗore, don an kafa shi a kan abin da kowa ke ji a jikinsa.

A 1906 dokar ƙananan hukumomi ta jihar ta ba su ikon kafa irin waɗannan ƙungiyoyi, suka yaɗu. A Biktoriya ma sun yawaita bayan gobarar 1926 da ta kashe mutum 60. Amma kowace ƙungiya cin gashin kanta take yi. Kayan aiki galibi da kuɗin aljihu ake saye, ƙungiyar wannan kwari ba ta san halin da ta bayan dutse ke ciki ba, kuma idan wuta ta tsallaka iyakar gunduma babu wanda maganarsa ke hawa kan kowa.

Ranar Juma'a 13 ga Janairu 1939 ta nuna iyakar wannan. Zafi a Melbourne, babban birnin Biktoriya, ya kai digiri 45.6, bayan shekaru na ƙarancin ruwa. Wutar da aka kunna nan da can aka bari tana ci a daji tun makonni ta haɗe wuri ɗaya, iska ta koro ta. Hekta kusan miliyan biyu ta ƙone, mutum 71 suka mutu, garuruwa irin su Noojee da Narbethong da Woods Point suka ƙone ƙurmus, har toka ta riƙa sauka a New Zealand, ƙetaren teku. Da yawa daga mamatan ma'aikatan injinan yanka katako ne da ke zaune a tsakiyar daji, hanyar fita guda ɗaya. A wani injin kusa da Matlock mutum 15 suka halaka wuri guda. Wasu da suka tsira a irin waɗannan wurare, ramukan da aka haƙa a jikin tudu suka shige, suka toshe baki da jiƙaƙƙen bargo.

Gwamnati ta ɗora wa wani alƙali, Leonard Stretton, binciken abin da ya faru. Ya zaga garuruwan yana sauraron shaidu, kuma bai yi wa kowa kara ba. Ya ce hannun mutane ne ya kunna wutar: makiyaya masu neman sabon tsiro, masu share gona, masu haƙar ma'adinai, masu kwana a daji su tashi su bar murhu yana ci. Ya koka da yadda shaidu ke ɓoye gaskiya don rufa wa juna asiri, da yadda hukumar gandun daji da hukumar ruwan Melbourne da sauran ma'aikatu ke jan igiya a kan iyakar ikonsu. Ya ba da shawarar a kafa hukumar kashe gobara ta jiha, a riƙa ƙona daji da gangan a lokacin da ya dace, a buɗe hanyoyi cikin daji, a kuma kyautata gano wuta tun tana ƙarama.

A wannan shekara Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, maganar hukumar ta kwanta. Ranar 22 ga Disamba 1943, a Tarrawingee kusa da garin Wangaratta, wutar ciyawa ta rutsa da masu kashe ta, mutum 10 suka mutu. Kafin zafin ya wuce a farkon 1944, adadin mamata a jihar ya kai 51, wuta kuma ta shiga mahaƙar kwal ta Yallourn wadda ke ba jihar lantarki ana tsaka da yaƙi. Aka sake kiran Stretton. A wannan karo aka yi doka, kuma ranar 2 ga Afrilu 1945 hukumar kashe gobara ta karkarar Biktoriya, wadda kowa ke kira CFA, ta fara aiki. New South Wales ta yi tata dokar gobarar daji a 1949.

A nan aka yi abin da nake ganin shi ne hikimar tsarin duka. Ƙasa mai faɗin Ostireliya, mai mutane ƙalilan a warwatse, babu baitulmalin da zai ajiye ma'aikata a kowane ƙauye suna jiran wutar da watakila sai bayan shekara biyar za ta zo. Ma'aikacin da aka turo daga birni kuma bai san ƙofar shingen da ke buɗewa ba, bai san madatsar ruwan da ba ta ƙafewa ba, bai san gidan da tsohuwa ke zaune ita kaɗai ba. Sai aka raba nauyin. Sannu a hankali hukuma ta ɗauki mota da famfo da rediyo da horo da diyyar wanda ya ji rauni, ta kuma ba shugabannin ƙungiya ikon doka na shiga gona, yanke shinge da ɗibar ruwan kowa idan wuta na ci. Ƙauye ya riƙe mutanensa: 'ya'yan ƙungiya ne ke zaɓen kyaftin daga cikinsu, har gobe. Kuɗin kuwa an daɗe ana karɓar mafi yawansa daga kamfanonin inshora, tunda su ke biya idan gida ya ƙone. A New South Wales rabonsu ya kai kusan kashi uku cikin huɗu. Biktoriya ta koma harajin gidaje da filaye a 2013.

Bayan yaƙi sojoji suka yi gwanjon manyan motocinsu, ƙungiyoyi suka saya, bakanikan ƙauye suka ɗaura musu tanki da famfo. Injin feshi na goyo ya maye gurbin buhu. Oba-oba ta shigo, kuma a wurare da yawa a ɗakin girkin wani gidan gona aka girka babban rediyon, uwargida ce ke zaune a kansa dare da rana tana haɗa motoci da juna, tana rubuta wa ya fita wa ya dawo. Matan ƙauye suna dafa shayi da haɗa burodi ga ɗaruruwan maza, suna shirya bukin tara kuɗin da ake sayen taya da mesa. An daɗe ana ɗaukar su masu taimako kawai, alhali ba don su ba da motocin ba su san inda za su nufa ba. Yau mata suna tuƙa motar, suna riƙe mesa, wasu su ne kyaftin.

Ilimi ma ya shigo. Wani masanin gandun daji, Alan McArthur, ya kunna ɗaruruwan wutar gwaji yana auna gudunsu, ya fitar da ma'aunin haɗarin gobara a shekarun 1960, wanda ke haɗa zafin rana da raɓar iska da ƙarfinta da bushewar daji ya ba da lamba ɗaya. Ya sa yanayin waccan Juma'a ta 1939 a lamba 100, a matsayin ƙololuwa. Da wannan ma'auni aka daɗe ana saita allunan bakin hanya masu kibiya da ke nuna girman haɗari, da tsayar da ranakun da ake haramta kunna wuta a waje kwata-kwata, har walda da wasa ƙarfe. An kuma tabbatar da abin da tsofaffi suka sani a aikace: wuta tana hawa tudu da sauri, duk ƙarin digiri goma na gangara gudunta yana ninkawa.

Abin da ya fi cin 'yan kwana-kwanan karkara shi ne juyawar iska, kuma ya kamata a fahimci yadda take. A ranar zafi iska daga arewa take busowa, ta tura wuta kudu, wutar ta miƙe ta zama siririya: kanta ƙarami, gefenta na gabas kuwa ya yi tsawon kilomita ashirin ko talatin. A wannan gefe masu kashewa ke aiki, don nan harshen ya fi gajarta. Da la'asar ko da dare sai iska mai sanyi ta taso daga teku, ta kudu maso yamma, cikin 'yan mintoci. Nan take dogon gefen nan duka ya zama kan wuta, ya nufo mutanen da ke tsaye a gabansa.

Haka ta faru ranar Laraba 16 ga Fabrairu 1983. Fari ya yi tsanani har guguwar ƙura ta rufe Melbourne da rana tsaka mako guda kafin nan. Mutum 75 suka mutu, 47 a Biktoriya, 28 a jihar Ostireliya ta Kudu, 17 daga cikinsu 'yan sa-kai. A Upper Beaconsfield, gabas da Melbourne, motoci biyu, ɗaya ta ƙungiyar Narre Warren ɗaya ta Panton Hill, suna kan wata siririyar hanyar daji lokacin da iska ta juya da dare. Mutum 12 da ke tare da su babu wanda ya fita. Panton Hill ɗan ƙauye ne, ya rasa mutum biyar a dare ɗaya. Bayan wannan aka shiga sauya motoci masu fetur da masu dizal, domin injin fetur yakan mutu a cikin tsananin huci, aka kuma ƙara wa motocin garkuwar zafi.

A wannan shekara ta 1983 ne fari ya sa wutar daji ta ci gonakin koko da na abinci a Ghana, shekarar yunwar da dattawan can ba su manta ba. Amsar da Ghana ta bayar ta yi kama da wannan: dokar 1990 ta hana ƙunar daji barkatai, ta ce a kafa rukunin 'yan sa-kai na kashe gobara a garuruwa da ƙauyuka. Rukunan suna nan a wurare da yawa, kuma kukan da aka fi ji daga gare su na rashin takalma da adda da kayan kariya ne, wato rabin nauyin da ya kamata hukuma ta ɗauka.

A New South Wales ƙungiyoyi sun ci gaba da zama a ƙarƙashin ƙananan hukumomi fiye da ɗari, kowace da irin kayanta da irin horonta, har gobarar Janairu 1994 ta shiga unguwannin Sydney ta ƙone gidaje fiye da 200. Binciken da ya biyo baya ya kai ga dokar 1997, wadda ta haɗa su a hukuma ɗaya mai kwamishina ɗaya, Phil Koperberg.

Darasi mafi ɗaci game da horo daga Linton ya zo, kusa da Ballarat a Biktoriya. Ranar 2 ga Disamba 1998, da dare, motoci biyu sun juya za su je ɗibar ruwa sai iska ta sauya. Mutanen mota ɗaya suka tsira. Biyar na ɗayar, 'yan ƙungiyar Geelong West, suka mutu. Daga nan CFA ta ce babu wanda zai sake hawa mota zuwa wutar daji sai ya ci wani mataki na horo, ko shekararsa nawa yana kashe wuta. Tsofaffin manoma da yawa sun ji haushi. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana tarar wuta a gonarsa, yanzu a ce sai ya zauna a aji ya karɓi takarda? Wasu sun ajiye aikin. Ƙorafin cewa ofis ya fi sauraron takarda a kan mutanen daji yana nan har yau, kuma akwai gaskiya a cikinsa, don sanin ƙasa ba a koyar da shi a aji. Amma a kan horon tilas ina bayan hukuma, saboda abin da ake koyarwar.

Ga shi kuwa. Ba a barin tanki ya ƙare. Akwai ƙararrawa da ke kuka idan ruwa ya sauka zuwa wani mataki, abin da ya rage na ceton rai ne. Idan wuta ta rutsa da mota babu hanyar fita, direba ya nemi fili mafi ƙarancin ciyawa ya tsaya, ya bar injin yana aiki, ya danna hon don kowa ya jefar da mesa ya shigo. Kyaftin ya yi kiran neman agaji a rediyo ya faɗi inda suke. A rufe tagogi da kafofin iska, a sauke labule masu ƙyalli da ke mayar da huci, a kunna famfon da ke feshe motar da ruwa daga sama har tayoyi. Kowa ya duƙa ƙasa da gilashi ya lulluɓa da bargon ulu, domin ulu ba ya saurin kamawa kuma ba ya narkewa a jiki. Hucin da ke gaban wuta shi ke kisa tun kafin harshenta ya iso, kuma kan wutar yakan wuce cikin 'yan mintoci. Ana maimaita wannan atisaye kafin kowane lokacin zafi har jiki ya haddace shi, don a cikin hayaƙi da ruri babu mai iya tunani.

Ranar Asabar 7 ga Fabrairu 2009 aka ga amfaninsa, aka kuma ga iyakar rundunar duka. Zafi a Melbourne ya kai digiri 46.4, ma'aunin McArthur ya zarce 100 nesa ba kusa ba. Wuta ta rufe motocin kwana-kwana da dama, na cikinsu suka fita da rai. Amma mutum 173 suka mutu, akasari a cikin gidajensu ko kusa da su, a garuruwa irin su Kinglake da Marysville, gidaje fiye da 2,000 suka ƙone. Wasu daga manyan gobarar ranar wayoyin lantarki ne suka tayar da su. Akwai 'yan sa-kai da suna can suna kare gidan wani nasu ya ƙone. Tun daga nan hukumomi suka fito fili suna gaya wa mutane cewa a irin wannan rana babu motar da za ta zo ƙofar kowa, a tashi tun da sassafe ko tun daren jiya, aka kuma ƙara wa allunan bakin hanya wani mataki a sama da na ƙarshe.

Yawancin aikin ƙungiya ba ya shiga labarai. Su ake kira idan mota ta kife a hanyar ƙauye, ko ɗakin girki ya kama, ko ambaliya ta zo. A lokacin sanyi suna bin gefen daji da manjagara da butar ɗigo wuta suna ƙunar rigakafi, suna duba famfo, suna gasa nama a ƙofar kanti don tara kuɗin abin da hukuma ba ta saya ba. Doka ta ba ma'aikaci damar barin wurin aiki idan an kira shi, amma ba ta tilasta wa mai kamfani mai zaman kansa ya biya shi kwanakin ba.

Wannan giɓi ya fito fili a gobarar 2019 zuwa 2020, wadda ta ci hekta fiye da miliyan 24, ta ƙone gidaje sama da 3,000, ta kashe mutum 33. Ta yi watanni tana ci, 'yan sa-kai suka bar gonaki da shaguna mako bayan mako. Ranar 19 ga Disamba 2019 bishiya ta faɗo wa wata mota kusa da Buxton, ta kife, matasa biyu na ƙungiyar Horsley Park suka mutu, ɗaya ya bar ɗan ƙaramin yaro, ɗayan 'yar ƙaramar yarinya. Ranar 30 ga wata, kusa da Jingellic, guguwar da wutar ta haifar da kanta ta ɗaga wata motar ta kifar, wani ya rasu. A Janairu jirgin saman zuba ruwa ya faɗi da Amurkawa uku. Kwamishinan hukumar New South Wales na lokacin, Shane Fitzsimmons, wanda shi ma da sa-kai ya fara tun yana matashi, kuma mahaifinsa ya rasu a shekarar 2000 a wata ƙunar rigakafi da ta ƙwace, shi ya durƙusa a wajen jana'iza ya maƙala lambar yabo a rigar ɗan ɗaya daga mamatan, yaron da bai cika shekara biyu ba. Duniya ta tausaya. Wata mai wasan barkwanci, Celeste Barber, ta tara dalar Ostireliya miliyan 51 ta Facebook, kotu kuma ta yanke cewa kuɗin na asusun ƙungiyoyin jihar ne: kayan aiki, horo, da kula da waɗanda suka ji rauni da iyalan mamata.

Kuɗi yana sayen mota, amma matsalar da ke gabansu yanzu ta masu hawa motar ce. Gonaki suna haɗewa, manomi ɗaya da manyan injuna yana nome abin da iyalai da dama ke nomawa a da, matasa sun tafi birni. A ƙungiyoyi da yawa na can cikin karkara masu furfura ne ke amsa kira, kuma ranar aiki da tsakar rana yakan yi wuya a haɗa mutanen da za su cika mota. Ƙungiyoyin da ke da matasa su ne na gefen birane, su ake ɗiba a tura tafiyar sa'o'i zuwa dajin da ba su sani ba. Lokacin gobara yana ƙara tsawo, kwanakin da za a iya ƙunar rigakafi lafiya suna raguwa.

A ƙarshen Disamba 2019 gwamnatin tarayya ta amince ta biya wanda ya yi fiye da kwana goma a bakin wuta, idan mai sana'ar kansa ne ko ma'aikacin ƙaramin kamfani, har dala 300 a rana, jimilla kada ta wuce 6,000. Cikin 'yan sa-kan kansu aka samu masu adawa, suna cewa ranar da aka fara biya, ranar maƙwabci zai zama ɗan kwangila. Na fahimci tsoronsu, amma mayar wa mai shago abin da ya rasa na rufe shagonsa wata guda daban yake da albashi, kuma idan ba a yi ba, masu hali da masu ritaya kaɗai za su iya zama a ƙungiya. Biktoriya ta warware nata rikicin ta wata hanya. Bayan shekaru ana takun-saƙa tsakanin 'yan kwana-kwanan CFA masu albashi da 'yan sa-kanta, ranar 1 ga Yuli 2020 ta kwashe masu albashin ta haɗa su da na Melbourne a sabuwar hukuma, ta bar ƙungiyoyin karkara a hannun 'yan sa-kai.